Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya. Mutum ya ari mota, ya ari babbar riga, ya je ya tsaya ƙofar gidan da ba nasa ba. Aka ɗauki hotonsa yana waƙa yana watsa kuɗi. Shin wannan mutum ya yi ƙarya? Ga ta biyu. Wani ya zo ya kwaikwaye shi, har jama'a suka riƙe ciki don dariya. Shin wannan na biyun ya ci mutuncin ɗan'uwansa ne, ko kuwa ya yi wa jama'a aiki?

Kada ka ce wannan zancen mutanen birni ne. Yau babu fadar samari daga Diffa zuwa Geskeru, daga Shetimari zuwa Maine-Sorowa, inda ba a kallon waƙar bidiyo cikin salula. Samari suna ce mata kilip. Ana dafa shayi, ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu. Ƙanenka yana kallo. Ɗiyarka ma tana kallo. Abin da ya shiga gidanka haka, ya kamata ka san yadda aka ƙera shi.

Ka lura da wani abu. Ruwan Komadugu da muke ban ruwan tattasai da shi daga nesa yake fitowa. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne suke haɗuwa su zo mana, shi kuwa na Haɗeja daga ƙasar Kano yake ɗauko ruwansa. To yawancin finafinai da waƙoƙin Hausa da muke kallo su ma daga Kano suke fitowa. Manomi ya san halin ruwan kogi. Ya san watan zuwansa, ya san watan janyewarsa, ya san inda yake cin gaɓa. Saura ya san halin wannan kogi na biyu.

Yadda ake ƙera waƙar bidiyo

Da farko mawaƙi yakan shiga wani ƙaramin ɗaki a ɗauki muryarsa. Ba a nan take ake gamawa ba. Yakan maimaita layi guda sau da yawa, a zaɓi wanda ya fi daɗi. Kiɗan kuwa galibi babu makaɗi ko ɗaya. Fiyano da kwamfuta ne suke ba da ƙarar kalangu da ta sarewa. In muryar ta karkace, akwai dabarar miƙe ta. Tun shekarar 1997 aka fito da wata mai suna Auto-Tune. Ita ce take sa ka ji murya tana rawa kamar ta ƙarfe.

Bayan an gama waƙa sai a fita ɗaukar hoto. A nan mawaƙi ba ya waƙa. Ana kunna wadda aka riga aka ɗauka, shi kuma yana motsa baki yana bin ta. Motar da ka gani, sau da yawa ta aro ce ko ta haya. Gidan mai bene, otal ne ko gidan wani mai kuɗi da aka roƙa na ƴan awoyi. Tufafin, wani tela ne ko mai kanti ya bayar don a ga kayansa. Waƙar da ba ta wuce minti biyar ba takan ci yini guda ko biyu. Daga nan mai haɗa hoto ya zauna ya yanke duk inda aka yi tuntuɓe, da inda zufa ta ɓata kwalliya, da inda mai mota ya leƙo yana duba agogo.

Abin da ya rage bayan an yanke waɗannan shi ne yake isowa cikin wayarka. Ka san yadda mai sayar da tattasai yake ɗora manya jajaye a bakin buhu. To wannan buhu ne wanda bakinsa kaɗai ake nuna maka.

Wasa daban, yaudara daban

To shin ƙarya ce? Bari mu bi a hankali.

A ƙasar Damagaram akwai wasan kara. Bayan girbi samari sukan shirya, wani ya zama gwamna, wani ya zama kwamandan soja, wani ya zama likita. Da karan hatsi suke ƙera bindiga da tabarau da na'urar ɗaukar hoto. Ba wanda yake cewa gwamnan kara maƙaryaci ne. Me ya sa? Domin mai yi ya san wasa ne, mai kallo ma ya sani. Sun yarda da juna tun kafin a fara.

Haka abin yake a finafinan Kano. Kowa ya san ɗan wasan da yake motsa baki ba lalle shi ne mai muryar ba. Ana rubuta sunan mawaƙin, ana kiransa biki, ana saninsa. Wannan wasa ne.

Ga kuma wani labari daga Turai. An yi wasu samari biyu a Jamus masu suna Milli Vanilli. Sun iya rawa, suna da kyan gani, hotunan waƙoƙinsu sun zaga duniya. A farkon shekarar 1990 aka ba su Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka. Kafin shekarar ta ƙare sai mai gidansu ya fito ya ce ba su ne suka rera waƙoƙin ba. Wasu ne daban aka ɓoye. Aka ƙwace kyautar. Ka ga motsa baki iri ɗaya ne da na Kano, amma nan an ɓoye wa mai saye. Wannan yaudara ce.

Ashe bambancin yana wurin mai kallo. In ya san aro ne, wasa ake yi da shi. In bai sani ba, kuma aka bar shi cikin rashin sani don a ci riba, yaudararsa ake yi. Mota ɗaya ce, hoto ɗaya ne. Babban mutum ya kalla ya yi murmushi. Yaro ɗan shekara sha biyar ya kalla ya kasa barci, yana lissafin abin da tsaransa suka samu shi bai samu ba.

Nan ne mai barkwanci yake da aiki. Shi ne yake ɗaga labule ya nuna maka mai motar yana jira a gefe. Da zarar ka yi dariya, ka sani ke nan. Abin da yake yaudara ya koma wasa.

Masu gadi biyu da kaset ɗin jana'iza

A Amurka ne wannan sana'a ta fara ƙasaita. A shekarar 1981 aka buɗe wata tashar talabijin mai suna MTV, wadda a lokacin aikinta nuna waƙoƙin bidiyo dare da rana. Daga nan mawaƙin da ba shi da hoto mai ƙyalli sai kasuwarsa ta yi sanyi, ko da muryarsa ta fi ta kowa.

A shekarar 1988 wani mai suna Bill Fishman ya shirya fim na ban dariya a kan wannan sana'a. Sunansa Tapeheads, wato kamar a ce mahaukatan kaset. John Cusack da Tim Robbins ne suka fito a ciki, lokacin suna samari. Ga labarin a taƙaice.

Wasu abokai biyu masu gadi ne aka kore su daga aiki. Suka ce bari su buɗe kamfanin ɗaukar waƙoƙi. Ba su da ko sisi. Wani mai kamfanin faifai ya riƙa sa su aiki, kullum alkawari, babu biya. Don su samu abin sawa a baki suka shiga ɗaukar duk abin da ya samu, har da jana'iza. Ran nan suka yi wa wasu mawaƙa aiki. Cikin kuskure sai waƙar ta hau kan hoton jana'izar. Kafin a gyara, wani ƙarfen tauraron ɗan adam ya faɗo daga sama ya kashe mawaƙan. Da aka nuna waƙar, sai masana suka ce kai, wannan hikima ce, waɗannan yara sun hango abin da zai faru. Nan take suka yi suna.

Ka ga inda dariyar take. Aikin da suka yi da gumi ba wanda ya kula. Kuskuren da suka yi shi aka yaba. Waɗanda suke cewa su ne masana ba su san komai ba, iska suke bi.

Amma fim ɗin bai tsaya nan ba. Samarin nan suna da wasu tsofaffin mawaƙa biyu da suke so tun suna yara, waɗanda zamani ya bar su a baya. Sam Moore da Junior Walker, mawaƙa na gaske masu dogon tarihi, su ne suka fito a matsayin tsofaffin. Da samarin suka samu dama, sai suka yi dabara suka hau da tsofaffin kan dandalin da aka shirya wa wasu yara ƴan yayi, aka nuna su a talabijin ƙasa duka ta gani. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba a gidajen sinima. Daga baya ne, ta hanyar kaset, ya samu ƴan tsirarun masoya masu ba juna labarinsa.

Namu masu ɗaga labule

Kada ka zaci sai Amurka ake da irin wannan. Tun kafin a san sinima muna da ƴan kama. Su ne masu ɗaukar muryar babban mawaƙi ko ta mai wa'azi, su juya maganar ta koma ta tuwo da miya. Jama'a na dariya, amma suna koyon cewa murya mai daɗi tana iya ɗaukar kowace irin magana.

A zamanin bidiyo wanda ya gaji wannan aiki shi ne Rabilu Musa, wanda aka sani da Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan a jihar Kano. Ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasa ɗungurungum. Dabararsa ita ce ya ɗauki abin da ake yayi ya sa shi a jikinsa. Lokacin da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya cika gari, sai ga fim mai suna Ibro Awilo. Mutumin ƙauye ya yi shigar tauraro, yana taƙama, yana rawar da ba ta zauna masa ba. In ka gama dariya ka koma ka kalli na ainihin, sai ka ga shi ma ashe shiga ce da taƙama. Kwarjinin ya ragu.

Wannan aiki yana da tsada. A shekarar 2008 wata kotun tafi-da-gidanka mai aiki da hukumar tace finafinai ta Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu, a kan wata rawa cikin fim ɗin Ibro Aloko da kuma zancen rajistar kamfani. Tsohon gandiroba ya koma gidan kaso a matsayin ɗaurarre. Ya rasu a watan Disamba na 2014. Mutane da yawa suna tuna shi da ban dariya kawai. Kaɗan ne suka lura cewa madubi yake riƙe da shi.

A nan Nijar kuwa muna da wanda ya riga su duka. Sunansa Mustafa Alasan, an haife shi a Ndunga a shekarar 1942. Makanike ne kafin ya koyi aikin sinima a Yamai. A shekarar 1966 ya yi wani gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi mai suna Jimi ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi: malafa, takalma, bindigogi. Ya raba wa abokansa. Kowa ya yar da sunan da ubansa ya raɗa masa, ya ɗauki na cikin sinima. Suka hau dawaki suna bin raƙuman dawa a guje. Da farko abin dariya ne. Daga baya suka addabi gari da sata da faɗa, dattawa suka rasa yadda za su yi, har suka juya wa junansu, jini ya zuba.

A shekarar 1972 ya sake yin wani mai suna F.V.V.A. Haruffan nan huɗu farkon kalmomin Faransanci ne masu nufin mace, gida, mota, kuɗi. Labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne mai suna Ali, wanda ya bi waɗannan abubuwa har ya sa hannu cikin kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a kurkuku. Yanzu ɗauki wayarka ka kalli kilip goma. Ƙirga abin da ake nunawa. Mace, gida, mota, kuɗi. Mustafa Alasan ya karanta jerin nan fiye da shekara hamsin da suka wuce. Ya zauna a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Tambayi samarin fadarku ko akwai wanda ya taɓa jin sunansa.

Me ya sa ake mantawa da su?

Dalili na farko na kasuwa ne. Mai sayar da zuma ba ya ajiye wanda zai gaya wa mutane an haɗa ta da sukari. Fim ɗin da yake tona asirin sana'a, ƴan sana'ar ba za su yi masa talla ba.

Dalili na biyu yana jikinmu. Muna raina abin da ya ba mu dariya. Mukan ce ai shirme ne. Mai sa mu kuka muna kiransa gwani, mai sa mu dariya muna kiransa wawa. Alhali kuwa a fadar sarakunan da, wawan sarki shi kaɗai yake iya gaya wa sarki abin da waziri yake tsoron faɗa.

Dalili na uku ya fi zafi. In ka duba da kyau, ba mawaƙi kaɗai ake yi wa dariyar ba. Wa ya ce masa ya ari mota? Mu ne. In ya fito da rigarsa ta kullum, a kan tabarma, ƙarƙashin bedi, za mu ce bai ci gaba ba, mu wuce zuwa na gaba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma a ranar biki mukan ari kujeru, mu ari gwal, mu ci bashin da zai kai mu wata kaka, don kada a raina mu. Kilip ɗinmu ke nan, na yini ɗaya. Shi ya sa irin wannan fim yake da ɗaci a ƙarshen harshe, mutum ba ya son ya sake ɗanɗanawa.

Dariya ma tana da doka

Wani zai ce: to ai mawaƙin nan neman abinci yake yi. Waƙarsa ana tura ta daga waya zuwa waya, ko dala ba ta shiga aljihunsa. Abin da yake samu a wurin biki ne da taro. In bai nuna ya isa ba, wa zai kira shi? Me ya sa za a mai da shi abin dariya?

Wannan magana tana da nauyi, kada a yar da ita. Akwai dariyar da take gyara, akwai wadda take kashe mutum da ransa. Shi kansa Ɗan Ibro an yi kuka da wasu finafinansa, inda aka mai da harshen wata ƙabila ko shigarta abin ba'a. Akwai kuma cutar da mai kallo yake yi wa ɗan wasa. Zalika Sule, wadda ta fito cikin fim ɗin kaboyin nan, ta sha tsangwama a Yamai domin mutane sun ɗauka halin da take nunawa a fim shi ne halinta.

To ina ma'auni? Ba sai mun je nesa ba. Muna da wasan taubasai. Babarbare da Bafillace sukan haɗu a kasuwar Diffa, kowa ya ce shi ne ubangidan ɗaya, a yi ta zolaya, a rabu ana dariya. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya. Duba dokokinta, ko da yake ba wanda ya rubuta su.

Ta farko, mai zolaya ya yarda a rama. In kai kaɗai kake da baki, wancan ba shi da damar mayarwa, ba wasa kake yi ba.

Ta biyu, ana taɓa abin da mutum ya ɗora wa kansa, kamar taƙama da rowa da cika baki. Ba a taɓa abin da ba shi da iko a kai, kamar makanta, ko talauci, ko gudun hijira.

Ta uku, bayan an gama ana iya cin tuwo a akushi ɗaya. In dariya ta hana mutum fitowa kasuwa gobe, ta wuce gona da iri.

Auna finafinan nan da wannan mudu. Masu gadin nan biyu kansu suka fara yi wa dariya. Ɗan Ibro a jikinsa yake sa rigar wautar. Mustafa Alasan ɗan sinima ne yake nuna ɓarnar da sinima take iya yi. Dukansu ƴan gida ne. Ba su taɓa muryar mawaƙi ko yunwarsa ba. Zanen aron suka ja.

Abin da ya shafe mu a bakin Komadugu

Kai ka san abin da wannan jiha ta gani. A watan Fabrairu na 2015 aka kai hari Boso da Diffa. Aka sa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, ƴan kabu-kabu suka zauna. Aka hana cinikin tattasai da na kifi. A watan Mayu na wannan shekara aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Dubban iyalai suka kafa bukkoki a bakin kwalta. Sai a 2017 aka sake buɗe harkar tattasai, ta kifi kuwa sai a 2019.

Yaron da ya tashi cikin waɗannan shekaru ya ga gonar ubansa ta gagari shiga. Ya ga banda ta daina fita zuwa Maiduguri. Hannunsa babu aiki, amma akwai waya. Cikin wayar kuwa tsaransa ne cikin mota, kullum salla. Ba wanda ya gaya masa cewa da an gama ɗauka mawaƙin yakan mai da makulli, wani lokaci ma ya nemi kuɗin motar komawa gida.

Kada a fahimce mu a karkace. Waƙa ba ta kawo mana wannan masifa ba, mawaƙa ba su da alhakinta. Amma kowa a nan ya san cewa cikin abin da aka ja hankalin wasu samari da shi zuwa daji har da alkawarin kuɗi da babur da aure. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Zuciyar da ta riga ta yarda cewa kowa ya samu sai ita, ta tsage. Mai alkawarin ƙarya, ko na daji ne, ko mai cewa zai kai ka Libiya ka dawo da mota, ta nan yake shiga.

Saurayin da ya iya kallon kilip ya ce cikin dariya, wannan motar ta wa ce, ya samu garkuwa. Gobe in wani ya zo masa da daɗin baki, tambayar nan za ta zo masa da kanta. Wannan shi ne amfanin fim ɗin ban dariya, kuma ba ƙaramin amfani ba ne.

Hana kallo ba ya magani. In ka ƙwace waya, zai kalla a ta abokinsa, ya kuma ƙara ɗaukar abin da girma. Abin da aka yi wa dariya a gabanka shi ne yake rasa ƙarfi.

Tsohon da aka je nema

Mun ce za mu komo kan tsofaffin mawaƙan nan biyu. Abin da aka shirya a fim a Amurka, a nan ya faru da gaske.

Malam Mamman Barka mutumin Taskar ne. Malamin lakwal ne, ya kuma yi suna a Nijar duka da gurminsa. Yana da suna, yana da masu saurare, ba abin da ya rasa. A shekarar 2002, da taimakon UNESCO, ya tattara ya tafi bakin tafkin Cadi wurin wani tsoho mai suna Bukar Tar. Shi ne ake ɗauka na ƙarshe cikin gwanayen biram, abin kiɗan Buduma masunta, mai tsirkiya biyar, mai siffar jirgin ruwa. Samari sun daina koya. Mamman Barka ya zauna gaban tsohon kamar ɗan koyo. Da tsohon ya rasu, shi ya ɗauki biram ya kai ta Turai da sauran ƙasashe, mutanen da ba su taɓa jin sunan Buduma ba suka ji muryarta. Ya rasu a watan Nuwamba na 2018.

Ka ga ashe mai yi wa ƙyalli dariya ba ƙin waƙa yake yi ba. Yana share hanya ne don a ji mai waƙar gaske. A ƙauyenku akwai mai algaita, akwai mai ganga, akwai tsohuwa mai waƙar daka da ta raino. Ba su da motar aro. Wayar da take kawo kilip daga Kano tana iya ɗaukar muryarsu ita ma, kafin su tafi da ita.

To mu koma kan tambayoyinmu biyu. Wanda ya ari mota ya yi waƙa bai yi ƙarya ba, muddin bai dogara da rashin sanin mai kallo ba. Wanda ya kwaikwaye shi bai ci mutuncinsa ba, muddin ya kiyaye dokokin taubasai. Saura na uku, wanda ba a tambaya a kansa ba, wato kai mai kallo. A hannunka wasa yake zama wasa.

Ga abin da za ku iya yi a fadarku ko a tsakar gida. In an kunna kilip, ku kalla tare, manya da yara. Ku ji daɗin waƙar. In ta ƙare sai wani ya tambaya: mutum nawa ne suke tsaye bayan mai ɗaukar hoto? Wa ya biya kuɗin mai? Ina mawaƙin zai kwana yau? Ku bar yaran su ba da amsa. Za ku sha dariya, su kuma za su riƙe tambayar.